Gansakukar Maradi da Fitilun Yaya Salisu

Litinin: Maradi zuwa Yamai

Ƙarfe huɗu da kwata na asuba na ja ƙofar gida, jaka a ka, kwando a hannu. A cikin kwandon kwalba biyu ne na lita ɗaya da rabi, kowace rabinta koren ruwa, na nannaɗe su da jiƙaƙƙen zane. Daga tafkin siminti da nake renon 'ya'yan kifi na ɗebo shi. Ni Rabi, shekara goma sha ɗaya ke nan ina kiwon tarwada da karfasa a bayan garin Maradi, kuma da wani ya ce mini wata rana zan rungumi wannan ruwa mai ƙarni in keta ƙasa uku da shi, da na ce a je a duba kansa. Tafiyar nan shekarun baya kaɗan ne, lokacin hanyar Fada, tsakanin Yamai da Wagadugu, tana lafiya lau.

Ga abin da ya tashe ni. Mariyama, ɗiyar yayana Alhaji Salisu, haifaffiyar Abijan ce, tana karatun digiri na biyu a jami'a. Da ta zo hutu ta ɗebi ruwan tafkina a 'yar kwalba, ta ce akwai wata irin gansakuka a ciki, mitsi-mitsi, ido ba ya ganin ƙwaya ɗaya sai sun taru sun rina ruwa. Wai in aka rene su suna tara mai a jikinsu, a tatse a sarrafa ya zama gazuwal na mota. Ran nan na yi dariya har na ƙware. Ashe da gaske take, a kan gansakukar tafkina ta rubuta sunan aikinta: wace irin fitila ce ta fi sa su yawa da mai in an rene su a ɗaki.

Ranar Juma'a sai ga wayarta tana kuka. Sau uku tana zuba su, sau uku suna yin fari fat su mutu, yanzu ko iri ba ta da shi. Malamarta ta ce saura kwana talatin, in babu sakamako shekara ta tafi, gurbin da aka ajiye mata na ci gaba da karatu kuma a ba wani. Ta roƙe ni in ba direba ruwan ya kawo. Na ce wane direba, wanda zai cusa shi ƙarƙashin mota tsakanin buhunan albasa? Zuwa da kai ya fi aike. Na bar wa maigidana Malam Isa kifin, na yi masa bayani sau uku har ya fara haɗe rai.

Kar, wato babbar motar fasinja, ta tashi ƙarfe biyar daidai, jika tara zuwa Yamai, kilomita wajen ɗari shida da sittin. Na yi faɗa kafin na sami kujerar taga, don ruwan yana son haske amma ba ya son rana ta dake shi kai tsaye. Kowace awa sai in buɗe murfi ya sha iska, in girgiza, in rufe. Wata 'yar Damagaram mai sayar da atamfa da ke kusa da ni ta zuba mini ido tun daga Madawa. Da muka tsaya Konni cin abinci ta kasa haƙuri, ta matso ta raɗa mini wai in tsimi ne in ɗan sam mata. Na ce ruwan kifi ne. Ta ce haka masu abin kirki suke cewa, ba ta sake yi mini magana ba har Dosso. Mun shiga Yamai ƙarfe huɗu da rabi, na kwana a ɗakin mata na tasha, kwandon a gefen kaina.

Talata da Laraba: Yamai, Waga, Buwake

Daga Yamai zuwa Wagadugu kilomita ɗari biyar ne da 'yan kai, amma iyaka ta cinye mana awa biyu. Aka sauke kowa da kayansa. Ɗan duwan, wato jami'in kwastan, ya ɗaga kwalbata ya duba ta a rana, ya tambayi mene ne. Na haɗa Faransancina na firamare na ce ruwan kifi. Ya ce to ina kifin? Na ce yana Maradi. Ya dube ni, na dube shi. Sai na tuna takardar jami'a da Mariyama ta turo mini a waya, na miƙa masa. Ya karanta, ya buɗe murfi ya sansana, ya yamutsa fuska, ya ce in wuce Allah ya ba ɗiyata sa'a. A nan na mayar da agogona baya da awa ɗaya.

A Fada na ci shinkafa da miyar gyaɗa ta dala ɗari, na sayi ruwan sanyi na sake jiƙa zanen kwalabe. Waga na kwana, Laraba ƙarfe shida na safe muka ɗauki hanyar Bobo. Tun daga Banfora ƙasa ta fara kore, iska ta yi laushi, hankalina ya ɗan kwanta, don zafi nake tsoro. Muka ƙetare iyaka ta biyu bayan la'asar, muka wuce Ferke, muka kwana a tashar Buwake. Ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Da gari ya waye na ɗaga kwalaben, kore shar suke, ban ma tuna da ƙafa ba.

Alhamis: Ajame

Ƙarfe goma sha ɗaya saura muka shiga Ajame, unguwar tashoshin mota ta Abijan. Wanda bai ga Ajame ba bai ga cunkoso ba: gbaka, wato ƙananan motocin haya, hanci da hanci, masu tura kura suna ihu, ƙamshin soyayyar ayaba da hayaƙin mota sun haɗu. Yaya Salisu na tsaye bakin tasha da farin boyel, ya ƙara tumbi, gemu ya yi fari. Ya miƙo hannu zai karɓi kwandon, na ce ya ɗauki jakar dai.

Shagonsa yana Bracodi, kayan wuta yake sayarwa shekara talatin da biyu. Rana tsaka, amma bango guda cike da ƙwan fitila kowanne a kunne, fari, ja, shuɗi, masu walƙiya, har sai da na kare ido. Na ce Yaya wannan ɓarnar wutar kuran fa? Ya ce ban san kasuwa ba, a layinsu fitila a kashe a shagon mai fitila abin kunya ne, ko rufewa za a yi sai an bar na ƙofa yana ci. Ya aika aka kawo garba, wato acheke, dambun rogo, da soyayyen kifin teku da barkono, daga wajen wani ɗan Tawa da ke kan kwana. Na ce na ƙoshi, ya ƙaro. Na rantse, ya ƙaro kifi. Halinsa ke nan tun muna yara, in ya so ka sai ya ɗura maka.

La'asar muka shiga woro-woro, tasin haɗaka, muka bi ta mahaɗar Indénié, muka ratsa Filato da dogayen benayenta, muka hau gada. Ruwa hagu da dama. Minti arba'in da biyar muka yi kafin Belleville a Treichville, tafiyar da Yaya ya ce in hanya a buɗe take kwata ce.

Treichville

Mariyama ta rungume ni tana “Tanti, Tanti,” Hausarta rabi Faransanci rabi. Ta rame, idanu sun faɗa. Uwarta ta rasu tun tana aji shida, Yaya ne ya rene ta shi kaɗai, bai sake aure ba, su biyu ne a gidan. Ta ja ni ɗakin ajiya na bayan gida da ta mayar wajen aiki, don a jami'a ɗalibai sun yi wa kanta ɗaya yawa, malamarta ta yarda ta rene su a gida ta riƙa kai samfur ana aunawa. Ɗaki ne ƙarami mai taga ɗaya, da kanta hawa uku, da 'yan dogayen fitilu, da injin hura iska irin na masu kifi. A ƙasa ga kwalaben da suka mutu, ruwan ciki kamar tsarin dawa.

Ta tace kwalba ɗaya da ƙyalle mai laushi, ta duba ɗigo a madubin ƙara girma, ta yi tsalle ta ce suna da rai. Ta raba a kwalaben gilashi huɗu, ta zuba musu takinsu, ta kunna fitila. Ta tambayi ta biyun, na ce wannan ta sha zafi a hanya, a bar ta ta huta a tagar ɗakina. Ƙarya na yi, lafiyarta ƙalau. Mai kiwon kifi dai ba ya zuba iri duka a tafki ɗaya. Bayan isha'i ta kashe fitilun ta ja ƙofa, ta ce dole su sami duhu kamar yadda suke samu a tafki.

Juma'a bayan sallar asuba na leƙa ɗakin, don na saba duba ruwa kafin in sha shayi. Taga a buɗe, fitila a kashe, komai daidai. Na ɗora bayan hannu a kwalba, sai na ji ɗumi. Duk wanda ya yi kiwon kifi ya san da asuba ruwa ya fi sanyi a duk yini. Ruwan da ya kwana a duhu, me zai ɗumama shi? Mariyama ba ta shiga sai ƙarfe bakwai, lokacin ya huce, shi ya sa ba ta taɓa lura ba. Da yamma koren ya fara komawa ruwan ɗorawa. Ta zauna a dandaɓe ta ce na huɗu ke nan, wataƙila ita ce ba ta iya ba. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Asabar

Na tashi kafin kiran farko na asuba, na ɗauki buta kamar mai zuwa alwala. Haske na fitowa ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin ajiya, an cusa tsumma amma bai rufe ba. Na tura ƙofa, zafi ya dake ni kamar na buɗe gidan burodi. Manyan fitilu biyu, irin waɗanda ake haska filin biki da su, suna fuskantar kwalaben, tsakaninsu da kwalaben bai kai kamu biyu ba. Taga a rufe ruf. Ga Yaya a tsugune da rigar barci yana naɗe waya.

“Yaya, mene ne wannan?”

Ya ce in rage murya kar yarinya ta ji. Ya ce tun watanni yake yi, in ta kwanta ya kafa, kafin ta tashi ya kwashe ya buɗe taga.

“Ita da bakinta ta ce haske ne abincinsu,” in ji shi. “Sai ta ba su ɗan tsirit, isha'i na yi ta kashe. Na ce ta ƙara, ta ƙi, na san tausayina take ji. Rabi, tun da uwarta ta rasu ban taɓa barin yarinyar nan ta kwana da yunwa ba. Ina sayar da fitila, a ce abin da take reno ya kwana da yunwa a gidana?”

Wallahi da ba yayana ba ne, da na faɗi abin da zan yi nadama. Na ce ya taɓa kwalbar. Ya taɓa, ya janye hannu. Na ce kifi ma in ka cika masa abinci ruwa ne ke ruɓewa ya mutu, tafkina kuma Allah da kansa yake kashe masa fitila kowace magariba, ko shi ma tausayin kuɗin kuran yake ji? Garin neman gira an rasa ido, dafa su yake yi kullum yana hana su barci. Ya daɗe yana kallon kwalaben. Ya roƙe ni kar in faɗa mata. Na ce ni ba zan faɗa ba, shi zai faɗa, don yarinyar nan ta fara ganin kanta daƙiƙiya, wannan kuma ba zan bari ba. Aka kira salla, ya fita.

Da muka zauna karyawa bai taɓa burodi ba. Yaya mutum ne da tun da nake ban taɓa jin ya ce ya yi kuskure ba, ko hanya ya ɓata cewa yake hanyar ce ta canja. Ya dubi ɗiyarsa.

“Mariyama, ni na kashe miki su. Duka sau huɗun.”

Ya yi bayani dalla-dalla bai rage komai ba. Sai ta ɓarke da Faransanci kamar ruwan sama, rabinsa ban gane ba, na dai ji “wata huɗu, Papa, wata huɗu.” Ta yi kuka, ya sunkuyar da kai, ban hana ta ba, hakkinta ne. Da na ga ta fara lafawa na shiga ɗaki na ɗauko kwalba ta biyu na dire a tsakiyar tabarma, kore shar. Ta dube ta, ta dube ni, ta share ido ta ɗauko alƙalami. Saura kwana ashirin da biyu: biyar na tayar da iri, goma sha ɗaya na reno, uku na sa su tara mai, biyu na busarwa da tatsa. Kwana ɗaya tak ya yi saura, ba wurin kuskure.

Komawa Bracodi

Ƙarfe goma muna shagon. A nan ne na ga amfanin Yaya. Mariyama ta ce tana son fitilu ja, shuɗi da fari waɗanda ba sa zafi. Ya zaro mata irin fitilun nan masu kama da igiya da masu gbaka ke ƙawata motocinsu da su, ya ce a riƙe su awa guda a hannu ba za su ƙona ba, kuma da batirin mota suke aiki, ko kuran ya ɗauke ba ruwansu. Ita ba ta san wannan ba. Ya yanka daidai tsawon kanta, ya haɗa waya da kansa, ya ɗauko fanka ƙarama da batir. Ta ce saura agogon da ke kunnawa ya kashe da kansa. Akwai su cike da kwali a bayansa. Ya ce a'a, kayan da yake sayarwa ne, ya san halinsu, ba zai ɗora karatun ɗiyarsa a kansu ba.

Ta ce to wa zai riƙa kunnawa da kashewa kan lokaci, tana son wajen awa goma sha huɗu na haske, sauran duhu? Ya ce daga sallar asuba zuwa isha'i awa nawa ne? Ta lissafa, sha huɗu da rabi. Ya ce shekara arba'in bai rasa jam'in waɗannan biyun ba sai da ciwo, shi ya ɓata shi zai gyara, kuma kar wanda ya taɓa masa makunni. Ta kira malamarta, malamar ta ce ba laifi in dai za a rubuta minti na kowace rana.

Kwanakin reno

Haka aka yi. Zai fita masallaci da asuba ya kunna, ya dawo daga isha'i ya kashe, ya rubuta lokaci a bayan kwalin fitila da ya rataye a ƙofa. Kanta ta sama ja, ta tsakiya shuɗi, ta ƙasa fari, an raba su da kwali kar haske ya haɗu. Ni aikina girgiza kwalabe da taɓa ruwa. Mariyama kullum ta ɗebi kaɗan ta kai jami'a. Ta yi mini bayani cewa da haske suke haɗa abinci, amma in ya wuce ƙarfinsu koren jikinsu ne ke ƙonewa, a duhu kuma suke gyara abin da ya lalace, da yawansu ma lokacin suke rabuwa biyu. Na ce ashe ba su da bambanci da mutane. Kwana na uku irin ya yi duhu, na biyar muka raba a kwalba goma sha biyu.

Abin ya ci wa Yaya kasuwa, don dole ya rufe shago ƙarfe biyar da rabi ya kama hanya, lokacin da ciniki ke tashi. Maƙwabtansa suka sa shi a gaba, wai Alhaji ya yi amarya a ɓoye a Treichville. Ya ce eh, goma sha biyu ne, duka koraye. Rana ta tara aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, hanya ta toshe tun daga Indénié. Aka kira magariba babu shi, aka kusa isha'i babu shi. Na tsaya bakin makunni hannuna na ƙaiƙayi. Liman na tayar da salla sai ga shi jiƙe sharkaf, takalmi a hannu. Ashe sauka ya yi a Filato ya ƙetare gadar da ƙafa, mutum mai shekara sittin da uku. Ya wuce masallaci a haka, ya dawo ya kashe, ya rubuta bakwai da minti arba'in da ɗaya. Na ce da na kashe ai da ba a mutu ba. Ya ce shi ya sa bai tsaya jiran mota ba, ya san halina.

Ranar goma sha ɗaya ta reno kwalaben jan haske sun yi kauri har ba ka ganin yatsa ta bayansu, farin na biye, shuɗin a baya. Sai Mariyama ta ce wa babanta ya ɗauko ɗaya daga manyan fitilun nan. Ya ɗauka gatse take yi. Ta ce a'a, yanzu sun yi yawa suna yi wa juna inuwa, kuma in aka janye musu taki aka ƙara haske sai su ji wuya, su shiga tara mai kamar mai tanadin fari. Amma daga nesa, da fanka, taga a buɗe, da rana kawai, kuma rabin kwalaben. Ya auna nisan da igiya sau biyu, ya riƙa taɓa kwalba kamar mai jinyar jariri. Cikin kwana uku waɗannan suka sauya daga kore zuwa ruwan zaitun, ni hankalina ya tashi, ita tana murna ta ce alamar mai ce.

Ranar awo

Muka tace, aka kai jami'a aka busar, abin da ya fito bai cika tafin hannu ba. Ranar tatsa ni da Yaya muka zauna a benci ƙarƙashin wata itaciya tun ƙarfe tara, ya ja carbi har na ce zai tsinke. Ƙarfe ɗaya da kwata sai ga ta da farar riga tana tafe tana gudu-gudu, da 'yan kwalabe shida kamar na turare a cikin kwali. A gindin kowace akwai mai, duhu-duhu, wanda ya fi yawa bai cika cokalin shayi ba. A namu dai, jan haske da aka bi shi da babbar fitila shi ya fi bayarwa, da tazara mai kyau.

Malamarta ta fito da kanta, wata doguwa mai gilashi. Ta ce sakamakon ya isa, Mariyama za ta kare aikinta bana, gurbinta kuma yana nan. Ta ɗaga kwalin nan na Yaya ta ce za a sa hotonsa a cikin kundin, don ɗalibanta masu agogo ma ba su kawo mata lissafi mai tsabta haka ba. Ni fa sai na rangaɗa guɗa a tsakiyar jami'a, mutane suka waiwayo, ko a jikina. Yaya ya karɓi 'yar kwalbar ya ɗaga ta sama, ya tambayi ina wannan zai kai mota. Mariyama ta ce ko ƙofar gida ba zai fitar da ita ba, Papa. Ya ce ba komai, shi ma da ƙwan fitila shida a faranti ya fara. Ta kama hannunsa ta riƙe, tun ranar Asabar ɗin nan ba ta yi haka ba.

Komawa gida

Kwana biyu bayan nan na kama hanya. Sun raka ni tashar Ajame ƙarfe shida na safe, Yaya ya cika mini jaka da acheke da man ja da fitilun da ban roƙa ba, na yi faɗa har na gaji na karɓa. Buwake, Bobo, Waga, Yamai, kwana huɗu, wannan karon kujerar tsakiya na zauna na yi barcina. Na sauka Maradi bayan la'asar. Malam Isa ya kashe mini tarwada bakwai da yawan abinci, na buɗe baki zan yi magana, sai dariya ta kama ni, ya tsaya yana kallona bai san dalili ba.

Bayan mako uku, ina cikin wanke tafki, waya ta yi ƙara. Yaya ne, daga ɗakin da aka yi zaman kare aikin, hayaniya a bayansa. Na ce yaya aka yi. Can na ji yana jan hanci.

“Rabi, ta ci. Malamai biyar suka miƙe tsaye, babbansu ya karanta sakamako. Kin san a takarda sunan Baba take ɗauke da shi. Sunan Baba ya kira, Rabi. Malam Idi mai goro, da bai taɓa shiga aji ba, yau an kira sunansa a jami'a ana tafi.”

Na zauna a bakin tafkin da jiƙaƙƙen hannu na yi kuka mai isata. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa direbobin da suka haƙura da buɗe murfina, da ɗan duwan da ya yi mana fatan alheri, da malamar da ta jira. Allah ya jiƙan Baba, ya jiƙan uwar Mariyama, ya sa albarka a abin da suka bari.